Nazarin Tafiyar da Sha'anin Duniya a Matakin Digiri na Biyu da na Uku: Tsakanin Ra'i da Aiki

1.0 GABATARWA

Maniyyacin da ya hau jirgin sama a Kano ko Yamai ya nufi Jidda ba kasafai yakan tuna da yawan yarjejeniyoyin da suka share masa hanya ba. Fasfon da ke hannunsa an tsara girmansa da rubutunsa ne bisa ƙa'idar Hukumar Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Duniya, wadda aka amince da kafa ta a 1944. Katin rigakafin da ake tambayarsa a filin jirgi ya samo asali daga dokokin Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta fara aiki a 1948. In ya sauka ya buga waya gida, lambar 234 ko 227 da zai fara dannawa Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ce ta raba wa ƙasarsa, ita kuwa tushenta tun 1865 ne. Duk waɗannan abubuwa suna tafiya cikin tsari, alhali kuwa duniya ba ta da sarki guda, ba ta da 'yan doka, ba ta kuma da baitulmalin da kowa ke zuba wa haraji.

To, ta yaya ake samun tsari inda babu mai mulki? Wa yake kafa ƙa'idar, wa yake bi, wa kuma yake take ta ya kwana lafiya? Waɗannan tambayoyi su ne ginshiƙin wani fanni da jami'o'i da dama suke koyarwa a matakin digiri na biyu da na uku. Wannan maƙala za ta yi bayanin ma'anar fannin da tarihinsa, da mazhabobin da ake nazarinsa da su, sa'an nan ta gwada su a kan wasu al'amura da suka auku. Abin da za ta kafa shi ne, ainihin darasin wannan fanni yana cikin tazarar da ke tsakanin abin da aka rubuta a takarda da abin da ake aikatawa, kuma ɗalibin da ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya bai gama karatu ba.

2.0 MA'ANAR FANNIN

Kalmar da Turawa suke kiran wannan fanni da ita ta samo asali ne daga wata tsohuwar kalmar Girkanci mai nufin tuƙin jirgin ruwa. Bahaushe kuwa, da yake raƙumi da doki ya fi sani, sai ya ce jan akala ko jan ragama. A wannan maƙala za a kira fannin da sunan tafiyar da sha'anin duniya, domin a bambanta shi da gwamnati. Gwamnati tana da ƙasa mai iyaka, da kotu, da kurkuku, da ikon tilastawa. Tafiyarwa ta fi haka faɗi: ta ƙunshi duk wata hanya da jama'a suke bi su daidaita al'amarin da ya shafe su baki ɗaya, ko da akwai mai tilastawa ko babu.

Misali daga tarihin fatauci zai ƙara fito da wannan bambanci. Fataken goro da suka riƙa tafiya tsakanin Kano da Gwanja a ƙarni na 19 suna ratsa ƙasashen sarakuna daban-daban, ba kuma sarki guda da ikonsa ya game dukan hanyar. Duk da haka ayari yana da madugu da jagaba, zango yana da mai gida da dillali, ana ba da kaya bashi, ana kuma biya. Wanda ya ci amana, labarinsa yakan riga shi isa zango na gaba, ya rasa mai saukar da shi. Wannan tsari ne ba tare da gwamnati ba, kuma irinsa ne masana suke nema tsakanin ƙasashe.

Saboda haka fannin ya wuce nazarin Majalisar Ɗinkin Duniya kawai. Masu taka rawa a cikinsa sun haɗa da ƙasashe, da ƙungiyoyin da ƙasashe suka kafa, da ƙungiyoyin sa-kai, da manyan kamfanoni, da gidauniyoyin attajirai, da taron masana. Alal misali, hukumar ICANN da ke kula da rabon sunayen adireshi a intanet an kafa ta ne a 1998 a matsayin ƙungiya mai zaman kanta a jihar Kalifoniya ta Amurka. Haka nan yarjejeniyar Ottawa ta 1997, wadda ta haramta nakiyoyin da ake binne wa mutane, ƙungiyoyin sa-kai ne suka matsa har aka ƙulla ta.

3.0 TAƘAITACCEN TARIHI

Aikin ya girmi nazarinsa. A ƙarni na 19 ƙasashen Turai sun ga cewa wayar tangaraho da wasiƙa ba sa tsayawa a kan iyaka, sai suka kafa ƙungiyar tangaraho a 1865 da ta gidan waya a 1874. Bayan ɓarnar Yaƙin Duniya na Ɗaya aka kafa Majalisar Ƙawancen Al'ummai a 1920 domin hana sake yaƙi. Amurka ba ta shiga ba, ko da yake shugabanta Woodrow Wilson ne ya fi kowa fafutukar kafa ta. Da Italiya ta mamaye Habasha a 1935, Sarki Haile Selassie ya je Janiba a 1936 ya kai kuka gaban majalisar, amma ba a cece shi ba. Majalisar ta mutu murus kafin a rushe ta a hukumance a 1946.

Tsarin da ake ciki yanzu an aza harsashinsa ne a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. A watan Yuli na 1944 wakilan ƙasashe 44 sun taru a Bretton Woods ta Amurka suka tsara Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya. A ran 26 ga Yuni 1945 aka sa hannu a kan kundin Majalisar Ɗinkin Duniya a San Francisco. Cikin ƙasashe 51 da suka fara zama wakilai, huɗu ne kawai daga Afirka, watau Masar da Habasha da Laberiya da Afirka ta Kudu. Nijar ta shiga ran 20 ga Satumba 1960, Nijeriya kuma ran 7 ga Oktoba na wannan shekara. Yau wakilan Majalisar 193 ne, 54 daga cikinsu na Afirka. Ke nan mafi yawan ƙasashen duniya sun tarar an riga an gina gidan, an kuma raba ɗakunan.

Ta fuskar karatu, an kafa kujerar farfesa ta farko a fannin siyasar ƙasa da ƙasa a Aberystwyth ta Birtaniya a 1919, an kuma buɗe cibiyar nazarin hulɗar ƙasashe ta Janiba a 1927. Amma shi wannan fanni da sunansa na yanzu bai tsaya da ƙafarsa ba sai bayan ƙarewar Yaƙin Cacar Baki. A 1992 James Rosenau da Ernst-Otto Czempiel suka fitar da littafi a kan tafiyar da al'amura ba tare da gwamnati ba. A 1995 wani kwamiti a ƙarƙashin Ingvar Carlsson na Suwidin da Shridath Ramphal na Guyana ya fitar da rahoto wanda ya ɗauki duniya a matsayin unguwa guda. Daga nan jami'o'i suka fara ware masa darussa da digiri.

4.0 MAZHABOBIN NAZARI

Abin da ɗalibi yake fara cin karo da shi shi ne, masana ba su haɗu a kan amsa guda ba. Manyan mazhabobin huɗu ne.

4.1 Mazhabar Ƙarfi

Jagororin wannan mazhaba sun haɗa da Hans Morgenthau, wanda littafinsa ya fito a 1948, da Kenneth Waltz, wanda nasa ya fito a 1979. A ganinsu, tun da babu wanda yake bisa ƙasashe, kowace ƙasa dole ta dogara ga ƙarfinta, ta kuma yi zaton sharri ga maƙwabciyarta. Ƙungiyoyin duniya a wurinsu madubi ne kawai mai nuna wanda ya fi ƙarfi a lokacin da aka kafa su. Manya sukan yi amfani da su in sun ga riba, su yi watsi da su in sun zama musu tarnaƙi.

4.2 Mazhabar Cuɗanya

Robert Keohane da Joseph Nye, a littafinsu na 1977, da kuma Keohane shi kaɗai a 1984, sun yarda cewa ƙasashe kansu suka sani. Sai dai sun ce son kan nan shi ne yake sa su haɗa kai, domin ciniki da lafiya da sadarwa sun sarƙe su da juna. Amfanin ƙungiya shi ne ta rage wahalar ƙulla yarjejeniya, ta tattara bayani, ta kuma fallasa mai saɓa alkawari. Ƙasar da ta san za ta sake zama da 'yan'uwanta gobe takan ji tsoron zubar da mutuncinta yau, kamar dai falken da aka ambata a baya.

4.3 Mazhabar Aƙida da Al'ada

Masu wannan ra'ayi, irin su Alexander Wendt a rubuce-rubucensa na 1992 da 1999, sun ce abin da ƙasa take ɗauka a matsayin maslaharta ba daga sama ya faɗo ba. Tunani da cuɗanya ne suke gina shi, kuma yana sauyawa. Hujjarsu a bayyane take: cinikin bayi da mulkin mallaka da wariyar launin fata duk sun taɓa zama halal a dokar ƙasa da ƙasa, yau kuwa babu ƙasar da za ta fito fili ta yi alfahari da su.

4.4 Mazhabar Suka

Waɗannan su ne masu tambayar wanda tsarin yake yi wa aiki. Robert Cox, a wata maƙala ta 1981, ya nuna cewa kowane ra'i akwai wanda yake amfana da shi. Masanan ƙasashe masu tasowa irin su Raúl Prebisch na Ajantina, da Samir Amin na Masar, da Walter Rodney na Guyana, sun bayyana yadda tsarin ciniki ya bar wasu ƙasashe suna sayar da ɗanyen kaya da arha suna sayen ƙerarre da tsada. Wannan tunani ya yi tasiri a kafa Rukunin Ƙasashe 77 a 1964, da kiran sabon tsarin tattalin arzikin duniya a 1974, da Shirin Legas na 1980 wanda Adebayo Adedeji ya taka muhimmiyar rawa wajen tsara shi.

5.0 GWADA RA'I A KAN AIKI

Haddace sunayen mazhabobi ba shi ne gwaninta ba. Gwanintar ita ce a ɗauki al'amari guda a aza kowane ra'i a kansa, a ga inda ya yi bayani da inda ya gaza. Ga misalai huɗu.

5.1 Kwamitin Sulhu da Rikicin Libiya

Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ƙasashe daidai suke a diyauci. Amma kundin nan dai shi ne ya ba ƙasashe biyar, watau Amurka da Rasha da Sin da Birtaniya da Faransa, kujerun dindindin a Kwamitin Sulhu tare da ikon hawa kujerar naƙi. Tun da aka ƙara yawan wakilan kwamitin daga 11 zuwa 15 a 1965 ba a sake taɓa shi ba, duk da cewa Tarayyar Afirka ta nemi kujeru biyu na dindindin tun 2005.

A 1994 an kashe kimanin mutum 800,000 a Ruwanda cikin kwana ɗari, kwamitin kuwa rage sojojinsa ya yi ana tsakiyar kisan. Kunyar wannan ta haifar da aƙidar nan ta alhakin kare farar hula, wadda masanin Sudan Francis Deng ya share wa fage, shugabannin duniya kuma suka amince da ita a 2005. A ran 17 ga Maris 2011 kwamitin ya dogara da ita ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973, wanda ya halatta amfani da ƙarfi domin kare farar hula a Libiya. Nijeriya da Afirka ta Kudu da Gabon duk sun jefa ƙuri'ar amincewa. Amma hare-haren ƙungiyar NATO sun zarce har gwamnatin Gaddafi ta faɗi, makamai suka bazu cikin Sahara, a 2012 kuma arewacin Mali ya faɗa hannun 'yan tawaye.

Mai bin mazhabar aƙida zai ce ƙudurin ya nuna sabon tunani ya kama, tun da ba a yarda a maimaita Ruwanda ba. Mai bin mazhabar ƙarfi zai ce manya sun sami mayafi ne suka biya bukatarsu, zai kuma kafa hujja da yadda Rasha da Sin suka yi ta hawa kujerar naƙi a kan Siriya daga baya. Kowannensu ya ga wani ɓangare na gaskiya.

5.2 Asusun Lamuni da Gyaran Tattalin Arziki

A babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya kowace ƙasa ƙuri'a ɗaya gare ta. A Asusun Ba da Lamuni kuwa nauyin ƙuri'a yana bin yawan jarin da ƙasa ta zuba. Amurka tana da fiye da kashi 16 cikin 100, manyan shawarwari kuma sai an sami kashi 85, watau ita kaɗai tana iya tsai da su. Akwai kuma al'adar da ba a rubuta ba, cewa shugaban Asusun daga Turai yake fitowa, na Bankin Duniya kuma ɗan takarar Amurka ne.

A 1985 an yi muhawara a duk faɗin Nijeriya a kan karɓar bashin Asusun, jama'a suka nuna ƙi, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida kuma ta ce ta fasa. Amma a 1986 ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, wanda ya ƙunshi kusan dukan sharuɗɗan: aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, aka rage tallafi. Dalili shi ne masu bin ƙasar bashi ba za su sake tsara biyansa ba sai Asusun ya sa albarka. A Nijar da sauran ƙasashe masu kuɗin CFA, an rage darajar kuɗin da rabi a watan Janairu na 1994. A takarda babu wanda ya tilasta wa ƙasa mai diyauci. A aikace kuwa, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A nan mazhabar suka ta fi sauran bakin magana. Amma mai bin mazhabar cuɗanya zai tuna da cewa ta cikin wannan tsari ne Nijeriya ta sami yafiyar bashin kimanin dala biliyan 18 daga rukunin masu ba da bashi na Paris a 2005.

5.3 Kotun Duniya da Tsibirin Bakassi

Kotun Duniya da ke Hague ba ta da ɗan sandan da zai zartar da hukuncinta. A 1994 Kamaru ta kai ƙarar Nijeriya a kan iyakarsu, tun daga Tafkin Cadi har bakin teku. Ran 10 ga Oktoba 2002 kotu ta ba Kamaru Bakassi, tana mai dogaro da yarjejeniyar da Ingila da Jamus suka ƙulla a 1913. Nijeriya ta fi Kamaru yawan jama'a da ƙarfin soja nesa ba kusa ba, kuma sojojinta suna wurin. Duk da haka, bayan sulhun da Kofi Annan ya jagoranta, an sa hannu a kan yarjejeniyar Greentree a 2006, aka kuma kammala miƙa yankin ran 14 ga Agusta 2008. Wannan al'amari yana ba mazhabar ƙarfi wahalar bayani, domin ga mai ƙarfi ya bi doka. Sai dai mai suka zai ce dokar da aka bi ɗin ta 'yan mulkin mallaka ce, kuma ba a nemi ra'ayin masuntan da ke zaune a wurin ba.

5.4 Yaƙi da Cutar Shan-inna

A 1988 Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka ƙudura aniyar kawar da shan-inna, lokacin tana nakasa kimanin yara 350,000 a shekara cikin ƙasashe 125. Akwai kuɗi, akwai magani, akwai amincewar gwamnatoci. Amma a 2003 wasu jihohin arewacin Nijeriya suka dakatar da rigakafin saboda zargin an gurɓata shi, zargin da ya sami gindin zama domin jama'a ba su manta da gwajin wani magani da aka yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Kafin a ci gaba da aikin a Kano a 2004, cutar ta sake ɓulla a ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Al'amarin bai daidaita sosai ba sai da aka jawo sarakuna da malamai da masu unguwanni cikin aikin. An ga ƙwayar cutar ta asali karo na ƙarshe a Barno a 2016, aka kuma bayyana yankin Afirka ya rabu da ita ran 25 ga Agusta 2020.

Darasin a nan shi ne, shawarar da aka yanke a Janiba ba ta zama aiki sai ta shiga zauren mai gida ya yarda. Babu ɗaya daga cikin mazhabobin huɗu da ta ba wannan mataki na ƙasa cikakken muhimmanci, kuma a nan ne ɗalibin da ya san harshen jama'a da al'adunsu yake da abin da zai ƙara wa fannin.

6.0 YADDA KARATUN YAKE

Fannin mahaɗa ce ta ilmin siyasa da shari'a da tattalin arziki da tarihi. Wasu jami'o'i, kamar Oxford a Ingila da Waterloo a Kanada, suna ba da digiri da sunansa kai tsaye. A wasu wurare kuwa ana koyar da shi a ƙarƙashin sashen kimiyyar siyasa ko na hulɗar ƙasashe. A Afirka akwai cibiyoyin bincike da suka daɗe a wannan fage, irin su Cibiyar Nazarin Al'amuran Waje ta Nijeriya da ke Legas, wadda aka kafa a 1961, da cibiyar hulɗar ƙasashe ta Yawunde, da majalisar masana ilmin zamantakewa ta CODESRIA da ke Dakar tun 1973.

Digiri na biyu yakan ɗauki shekara ɗaya a Birtaniya, biyu a Amurka. Galibi yana da sassa huɗu. Na farko, darussan tilas a kan ra'i da tarihin ƙungiyoyin duniya da dokar ƙasa da ƙasa. Na biyu, dabarun bincike, watau nazarin takardun tarihi, da hira da jami'ai, da aiki da alƙaluma. Na uku, darussan zaɓi a fage guda, kamar tsaro ko ciniki ko sauyin yanayi ko 'yan gudun hijira. Na huɗu shi ne kundi. Ta ɓangaren aiki, akan koya wa ɗalibi rubuta gajeriyar takardar shawara wadda minista zai iya karantawa cikin mintoci, akan shirya kwaikwayon zaman tattaunawa inda kowa zai wakilci ƙasa, wasu kuma sukan yi 'yan watanni suna sanin makamar aiki a wata hukuma. Digiri na uku yakan ci shekara uku zuwa shida, kuma sharaɗinsa shi ne ɗalibi ya kawo abin da ba a sani ba a da.

Kurakurai biyu ne suka fi kama ɗalibai. Na farko shi ne kundi ya zama jerin hukumomi da shekarun kafa su da manufofinsu, ba tare da wata tambaya ba. Na biyu shi ne ɗalibi ya zaɓi batu mai faɗin da ba zai iya rungumarsa ba, kamar gyaran Majalisar Ɗinkin Duniya ɗungurungum. Kundi mai kyau yakan fara da ƙaramin abin mamaki. Me ya sa yarjejeniyar Montreal ta 1987, a kan iskar da ke huda rufin sararin sama, ta sami amincewar dukan ƙasashe ta kuma yi nasara, alhali ta Kyoto ta 1997 a kan ɗumamar yanayi ta yi ta ɗingishi? Me Hukumar Tafkin Cadi, wadda aka kafa a 1964, ta iya yi game da rabon ruwa, me kuma ya gagare ta? Irin wannan tambaya ita ce take tilasta wa ɗalibi ya haɗa ra'i da aiki.

7.0 BATUN HARSHE

Akwai wani ɓangare na fannin da ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye. Harsunan aiki na Majalisar Ɗinkin Duniya shida ne: Larabci, Sinanci, Ingilishi, Faransanci, Rashanci da Sifananci. A zauren tattaunawa akan kwana ana jayayya a kan kalma guda, domin bambancin da ke tsakanin “wajibi ne” da “ya kamata” shi ne bambancin doka da nasiha. A taron Paris na 2015 kan sauyin yanayi sai da aka sauya irin wannan kalma a daftarin ƙarshe kafin a amince da shi.

Mai jin Hausa kuwa mafi yawan abin da ya sani game da waɗannan al'amura ta rediyo ya same shi, tun daga 1957 da sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri. Ta wannan hanya kalmomi irin su Kwamitin Sulhu da kujerar naƙi da takunkumi da diyauci suka zauna a bakin jama'a. Amma kalmomin labarai ba su isa nazari mai zurfi ba. Muddin ba a sami kalmomin da manomi da ɗan kasuwa za su tattauna sharuɗɗan bashi ko ƙa'idojin ciniki da su ba, za su ci gaba da jin sakamakon shawarar a jikinsu ba tare da sun san inda aka yanke ta ba. Wannan aiki ne da ke jiran haɗin gwiwa tsakanin sassan harsuna da na kimiyyar siyasa.

8.0 KAMMALAWA

Wannan maƙala ta nuna cewa duniya tana tafiya da tsari ko da yake ba ta da gwamnati, kuma tsarin yana da ƙarfi a wasu fagage, yana da rauni a wasu. Tsarin ba a tsaye yake ba. Sashen ɗaukaka ƙara na Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ya daina aiki a watan Disamba na 2019 saboda Amurka ta hana naɗa sababbin alƙalai. A watan Janairu na 2025 Amurka ta ba da sanarwar ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, a watan nan kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ECOWAS ta tabbata. A ɗaya gefen, an ba Tarayyar Afirka kujera a rukunin G20 a 2023, kuma 'yan Afirka irin su Amina Mohammed da Ngozi Okonjo-Iweala sun hau manyan muƙamai a 2017 da 2021.

Samun kujera mataki ne, amma kujera ba ta magana. Tawagar babbar ƙasa takan zo taro da lauyoyi da masana tattalin arziki masu yawa, ta ƙaramar ƙasa kuwa wani lokaci mutum biyu ko uku ne za su raba kansu tsakanin zauruka da dama da ke zama lokaci guda. Wanda bai karanta daftari ba, abin da wani ya rubuta shi zai sa wa hannu. A nan amfanin wannan karatu yake: ya samar da mutanen da suka san abin da kundi ya ce, suka san yadda ake yi a zahiri, suka kuma iya bayyana wa jama'arsu, da harshen da suke ji, dalilin da ya sa biyun suka saɓa.